Fasinjojin Kakana

A Fray Bentos, bayan masana'antar naman gwangwani da aka rufe,
inda kogi ya yi faɗi har ido ya gaji,
kakana Eulogio na da rumfar kwano mai yoyo a kusurwa.

Motoci bakwai ke kwana a ciki.
Ford ta shekarar ashirin da tara, baƙa wuluk,
sai an murɗa mata ƙarfe a hanci take tari ta farka.
Studebaker mai ido ɗaya.
Chevrolet da kaza ta taɓa ƙyanƙyasa a kujerar baya.
Sauran huɗun, tsatsa ta ci rabonta ta bar masa ragowa.

Ba motar da ba ta da fasinja.
'Yan tsanan katako ne masu haɓar da ake ja da zare,
su goma sha tara, kowa da kwat ɗinsa da sunansa:
Don Pancracio mai tabarau, shi ke riƙe da sitiyari,
Ofelia da fentin kumatunta ya ɓare,
Tiburcio da aka sayo a gwanjon Montevideo
da kuɗin da kakata ta ware don gyaran rufi.
Shi ya sa har yau rumfar take zubarwa.

Ran Lahadi yakan zauna kan bamba da ƙoƙon mate,
ya ɗora Pancracio a cinya, ya zura hannu ta bayansa.
Leɓen kaka ko motsi babu,
sai katako ya buɗe baki ya wanke shi tas:
“Kai tsoho, mota bakwai gare ka, kana zuwa kasuwa a ƙasa!”
Mu yara mu zube muna riƙe ciki.
Maganar da ya kasa faɗa wa kakata shekara arba'in,
Ofelia ce ta faɗa mata a gadon ciwon ajali.
Ta yi murmushi ta ce, “Ashe sai da bakin aro kake iyawa.”

Sai likita ya shiga maƙogwaronsa da wuƙa,
ya ciro ciwon, ya haɗa da muryar.
Ya dawo da ƙyalle a wuya da ɗan allo a aljihu.
Rumfa ta yi tsit.
Baki goma sha tara a sake, ba mai cewa uffan.
Gizo-gizo ya tare a lagireto,
shi kuwa kullum yana goge fitilu, ba ya duban kowa.

Ni Nélida, shekarata sha uku lokacin,
wata biyar na yi a gaban madubin banɗaki,
haƙora a haɗe, ina kokawa da “ba” da “ma”
masu cewa sai da leɓe za su fita,
har harshena ya koyi satar hanya.
Uwata na bugun ƙofa, tana tsoron ko na fara zarewa.

Wata Lahadi na ɗauko Pancracio. Ya fi yadda na zata nauyi.
A cikin bayansa, sandar juya kai
ta lotsa daidai yatsun kaka, nawa suka yi iyo a gurbin.
Na ja zare. Murya ta fito siririya tana rawa:
“Kai tsoho, murya aka yanke maka ko hannu?
Ga Ford can tana daskarewa.”

Ya daɗe yana kallon katakon, ba ni ba.
Kafaɗunsa suka soma girgiza, dariya marar sauti.
Ya ciro allo ya rubuta: Leɓenki na motsi.
Ya goge da hannun riga, ya ɗauki ƙarfen murɗawa.

Sau shida tana ƙi. A na bakwai ta tofar da hayaƙi.
Muka bi titin bakin kogi, wani gurgun kare har yana wuce mu.
In ya hango wanda yake so a tsokana sai ya taɓa gwiwata,
ni kuma in sa katako ya yi masa tatas.
Mai ya ƙare mana daidai gidan burodi.
Muka turo ta gida, ni da shi, muna haki,
Pancracio na ciki a hakimce, rana tana faɗuwa.